Jar Wuta da Mazaunin Kawu

Motar Mai Agogo ta girmi jikokinsa duka, har da wanda ya fara gemu. A da koriya ce, yanzu kuwa launinta ya koma irin na shayin da aka manta a kofi. Ƙofar baya ta hagu ba ta buɗuwa sai daga waje, ta dama kuma sai daga ciki, saboda haka duk wanda ya san motar yakan shiga ta hagu ya fita ta dama, ba ya ko tambaya. Amma tana tashi. Kowace rana sai ta yi tari sau uku, ta girgiza jiki, ta tashi.

Shi Mai Agogo shekara arba'in da 'yan kai ya yi a wata 'yar rumfa mai gilashi, da tabarau mai ido ɗaya maƙale a fuskarsa, yana leƙa hanjin agogunan mutane. Da jama'a suka koma duba lokaci a waya, gwiwoyinsa kuma suka fara ƙara kamar tsohon ƙyaure, sai ya rufe rumfar ya dawo gida. Abin da ya rage masa shi ne motar nan da yawon la'asar. Yana da wuraren da yake zagayawa ya gaishe su. Akwai bishiyar da ta tsiro a saman katangar gidan ruwa. Akwai benen da aka yi wa ƙofa a hawa na biyu, babu matakala. Akwai kuma wani kare da ke kwana a kan rufin kanti, wanda ba a taɓa ganin hawansa ko saukarsa ba. Yakan tsaya a gaban kowannensu ya kashe mota, ya kalla, ya gyaɗa kai, ya wuce. Matarsa ta ce mutane na ziyartar 'yan'uwa, shi yana ziyartar katanga. Bai musa ba. Ƙafarsa ba ta kai shi ko bakin titi, in aka raba shi da motar nan duniyarsa ta tsaya ke nan daga ɗaki zuwa tsakar gida.

Ranar wata Talata ya murɗa makulli, fitilun allon da ke bayan sitiyari suka kama kamar kullum, suka mutu kamar kullum, sai guda ɗaya ta ƙi. Ja ce. Da ya matso da fuskarsa sai ya ga hoton wani ɗan mutum ne a zaune, an ɗaure shi da bel, ga wata ƙatuwar ƙwallo a gabansa. Abin ya burge shi. Shekara da shekaru ɗan mutumin nan yana zaune a cikin duhu, sai yau ya ga damar fitowa. Ya sa masa suna Mai Tumbi, har yakan yi masa sannu da zama in za su fita.

Da haka za a ci gaba, da ba don babbar 'yarsa ta zo ranar Lahadi ba. Ma'aikaciyar jinya ce, kowa Nas yake ce mata har mahaifiyarta, shi kaɗai ke kiranta Uwata. Tana tsaye a bakin ƙofa ya zo fitar da mota da baya, ya ɗan shafi ginshiƙin ƙofar gida. Ba wani abu ba ne, ginshiƙin ya saba. Amma Nas ta leƙo ta taga don ta yi magana, idonta ya faɗa kan Mai Tumbi.

Ba ta ɗaga murya ba, ba halinta ba ne. Irin muryar da take gaya wa majinyaci ya juya a yi masa allura, da ita ta gaya wa mahaifinta cewa ga tsoho mai shekara saba'in da huɗu, ga tsohuwar mota, ga jar wuta, abu uku sun yi yawa. Ta ba shi Asabar uku. Ranar ta ukun za ta zo su fita tare, in wutar nan tana ci, makulli ya shiga jakarta, ya zauna a gida kamar kowane kaka. Ta kuma rufe masa ƙofofin da bai ma kai ga tunaninsu ba: kada a liƙa baƙar leda, don za ta shafa gilashin da yatsa, kada a cire ƙwan fitilar, don ta san in an murɗa makulli dole ta kama tukuna sannan ta mutu.

“Uwata, ai ba ya cutar da kowa,” in ji shi. “Zaune kawai yake.”

“Kai ma zaune za ka yi, Baba.”

Daga ranar Mai Tumbi ya daina ba shi dariya.

Bakaniken farko, mai sifana a aljihun baya, ya cire kan batir ya ce Baba ya ƙirga hamsin. Ya ƙirga har sittin don a samu albarka. Aka mayar, wuta ta mutu, aka yi musabaha. Bai kai shataletale ba ta dawo. Na biyu mai gyaran wayoyin wutar mota ne, ya fito da wata na'ura mai wutsiya ya soka ta ƙarƙashin sitiyari, ta tofo waɗansu haruffa da lambobi. Ya ce ƙwallon nan ba tumbi ba ne, jakar iska ce da ke fitowa in an yi karo, kuma wata waya ce a wani wuri ta yi fushi. A bar masa motar kwana huɗu ya kwance gabanta gaba ɗaya. Mai Agogo ya dubi filin garejin ya ga motoci uku da aka kwance wa gaba, a cikin ɗaya kaza ta yi ƙwai har ta ƙyanƙyashe. Ya yi godiya ya ja abarsa. Na uku ko buɗe bonet bai yi ba, ya ce tsufa ne, shi ma kakansa akwai abin da ke ci masa a ƙirji ba a san ko mene ne ba.

Sai ya koma ga abin da ya iya. Ya ɗauko tsohon littafin da yake rubuta halin agoguna, ya buɗe sabon shafi, ya shiga bin wutar kamar yadda yake bin agogo mai gudu. Ya gwada da rediyo a kunne, ya gwada a kashe. Ya gwada da tanki cike, ya gwada da taga a buɗe. Ya doki allon da tafin hannu, ya lallashe shi da tsumma. Ya rubuta cewa ranar da aka yi yayyafi jan ya fi kauri, daga baya ya gane tabaraunsa ne ya jiƙe, ya soke layin. Asabar ta farko ta wuce Mai Tumbi na nan daram.

Ranar Litinin matarsa ta ce ya kai yayanta asibiti a duba masa ƙugu.

Wannan yayan nata, wanda duk gidan ke kira Kawu, tsohon ɗan sandan hanya ne, mutum ƙato, mai wuya ninki uku. Tsakaninsa da Mai Agogo gaisuwa ce kawai, ita ma a tsaye. Dalili kuwa, shekara talatin da suka wuce Kawu na kan aiki a shataletale da farar safar hannu, ya tsayar da Mai Agogo saboda fitilar baya ta mutu. Ya sa shi ya faka, ya tambayi sunansa kamar bai taɓa ganinsa ba, ya sa ya maimaita, sannan ya leƙa ya nuna ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya ya ce, wannan matar kuma wace ce. Tun daga ranar Mai Agogo bai ƙara ce masa Yaya ba, sai Ofisa. Shi kuma Kawu sai ya ce Direba.

Zaman Kawu a mota aiki ne mai matakai. Da farko ya sunkuya ya ja ƙarfen ƙarƙashin kujera ya tura ta baya har ta ce ƙwas. Sannan ya juya ya sauke mazauninsa na dama, saboda ƙugun hagu ne mai ciwo, ya karkace ya jingina da ƙofa. Sannan ya jawo ƙafafu ɗaya bayan ɗaya da hannu, ya saki wani dogon nishi. Motar ta durƙusa ta gefensa.

Mai Agogo ya murɗa makulli. Fitilu suka kama, suka mutu. Dukansu.

Ya ja mota suka tafi. Har suka kai asibiti idonsa ɗaya na kan hanya ɗaya na kan allo, Kawu na gefe yana ta aikinsa na da: sigina, Direba, ba ka ga mai keke ba, wannan layin na wa ne. A ƙofar asibiti Kawu ya tattara kansa ya fita, ƙafarsa ta biyu na taɓa ƙasa Mai Tumbi ya dawo. Da za su koma gida ya sake zama, wuta ta sake mutuwa.

Washegari Mai Agogo ya tashi da gwaji. Ya roƙi matarsa ta zauna a kujerar, ta zauna da ludayi a hannu tana tambayar ko lafiya. Wuta ba ta motsa ba. Ya sa aka ɗora buhun shinkafa. Ya aro buhun siminti biyu wurin maginin da ke maƙwabtaka da su, ya ɗaura musu bel. Ya je har kasuwa ya lallashi mahauci, wanda kowa ya yarda ya fi Kawu nauyi, ya shiga ya zauna da warin nama da komai. Mai Tumbi ko gezau.

Da wani ne, da ya koma wurin mai gyaran wayoyin nan ya ce a duba ƙarƙashin kujera. Mai Agogo bai yi wannan tunanin ba, don shi ya riga ya san amsar tun yana rumfa. Akwai wata mata da ya sani, duk agogon da ta ɗaura sai ya tsaya cikin mako guda, ko sabo ne fil. Akwai wani malamin makaranta da agogonsa ke gudu a hannunsa, in an ajiye a tebur ya tafi daidai. Shekara arba'in sun koya masa cewa ƙarfe yana da mutanen da yake jin nauyinsu, yana da waɗanda ya raina. Wutar nan laifi take nunawa, Kawu kuma ɗan sanda ne. Ya rubuta a littafi: tana tsoron hukuma. Ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

Da la'asar ya sayi lemo ya nufi gidan Kawu, ya ce ya zo ne ya ɗauke shi su sha iska. Kawu ya dubi lemon, ya dubi mai lemon, ya shiga ciki ya kira ƙanwarsa a waya ya tambaye ta ko likita ya faɗi wani abu ne game da ɗayansu da ake ɓoye masa. Ta ce ita ma abin ya ɗaure mata kai, amma ya bi shi, wataƙila tsufa ne ya fara gyara shi.

Haka aka fara. Kullum la'asar sai a ga motar ta karkace gefe guda tana zagaya gari. Kawu ya ga bishiyar kan katanga ya ce ya kamata a sare ta kafin ta kashe wani. Ya ga ƙofar da ba matakala ya ce a kama wanda ya ba da izinin ginin. Karen ne kawai ya ci shi. Ya daɗe yana kallonsa, ya ce lallai akwai tsani a baya, suka zagaya ba tsani. Kashegari shi ya fara tambaya ko za a bi ta wurin karen.

Ana cikin haka, kwana biyu bayan Asabar ta biyu, suka hau wani tudun rage gudu sai Mai Tumbi ya ƙifta. Sau ɗaya, kamar mai tsokana. Bai wuce idon Mai Agogo ba. Ya saci kallon surukinsa, ya ga bel ɗin wandonsa ya matsa rami ɗaya, wuyan nan ninki uku ya koma biyu da rabi. Da ya bincika sai ya ji ashe Nas ce. Tun ranar asibiti ta hana kawunta sukari, da man shanu, da burodi, da duk abin da aka soya, tana kuma bugo waya safe da yamma ta ji abin da ya ci. Mai Agogo ya ga hukuma na narkewa a gabansa.

Daga ranar yawon ya samu sabon zango. Sai sun tsaya wurin mai shayi, Mai Agogo ya ce a soya ƙwai huɗu, a tsaga burodi a shafe shi da man shanu har gefe, a zuba madara kada a ji tausayi. Ya tura gaban Kawu ya ce shi dai bai ga amfanin mutum ya kai wannan shekaru yana cin ganye kamar zomo ba. Kawu ya ci, yana ci yana kallonsa ta wutsiyar ido. Mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana karanta fuskar direbobi ba a yi masa irin wannan.

Ranar Laraba, suna tsaye a gaban kantin kare, injin na aiki, Kawu ya dafa ƙofa ya ɗaga mazauninsa kaɗan. Jar wuta ta kama. Ya sauke. Ta mutu. Ya sake ɗagawa. Ya yi haka sau biyar yana kallon allo, sannan ya fara dariya, irin wadda ba ta da sauti sai girgiza, har madubin gefe na rawa.

“Ashe ba ni kake so ba, Direba. Gindin zamana kake so.”

Mai Agogo ya ga ba mafita, ya zayyana masa komai: Asabar uku, da jakar Nas, da buhunan siminti, har da mahauci. Maganar mahaucin ta fi yi wa Kawu daɗi, ya sa aka maimaita masa. Da ya share hawaye sai ya gyara murya ya kawo sharuɗɗa. Rediyo a kashe. Hannu biyu a kan sitiyari. Ƙwai ya koma biyar. Kuma daga yau babu Ofisa.

“To me zan ce?”

“Abin da ƙanwata ke cewa.”

Mai Agogo ya mai da ido kan kare. Kawu ya dafa ƙofa ya fara ɗagawa.

“Yaya,” in ji Mai Agogo, kamar wanda ake cire wa haƙori.

Kwana biyun da suka biyo baya Kawu ya mai da wutar nan bulala. In Mai Agogo ya sha kwana ba sigina, sai ja ta haska. In ya juya yana kallon wani abin mamaki a gefen hanya, ja. Ko gardama suke a kan shekarar da aka gina gadar jirgi, in Kawu ya ga za a kayar da shi sai ya ɗan karkata, magana ta ƙare.

Ranar Asabar ta uku tun da hantsi Mai Agogo ya ɗauko Kawu ya kai shi wurin mai shayi. Don a tabbata, aka yi burodi biyu, ƙwai shida, shayi kofi uku, aka bi da ayaba. Kawu ya ce ya ƙoshi, Mai Agogo ya ce ai yau ba don ciki ake ci ba. Suka iso gida Kawu na zaune a gaba kamar an dasa shi, Nas na tsaye da jakarta a kafaɗa.

Ta ce Kawu ya koma baya, ita za ta zauna kusa da direba. Kawu ya riƙe ƙugu ya yi wani nishi mai ban tausayi, ya ce in aka motsa shi yanzu sai dai a kira motar asibiti. Ta dube shi, ta dubi maiƙon da ke gefen bakinsa. Ta shiga baya, ta miƙo hannu ta shafa gilashin allon da yatsa, ta ce a kashe a sake kunnawa. Fitilu suka kama har da Mai Tumbi, suka mutu har da shi. Ta ce to, a je.

Mai Agogo bai taɓa tuƙi mai kyau irin na ranar ba. Hannu biyu, ƙirji a gaba. Kawu kuwa ya sa hannu a baki kamar mai sosa gemu, yana magana ƙasa-ƙasa: danja ta yi ja, rami a dama, mai babur zai shigo, bar shi, yanzu. Sun saba har Mai Agogo ba ya jin maganar a matsayin magana, ƙafarsa ce kawai ke amsawa. Nas na baya tana kallon ƙeyarsu.

A kan babban titi wani mutum ya wuce a keke ɗauke da ƙatuwar ƙofar gilashi a bayansa, gari gaba ɗaya na tafiya a cikinta a juye, har da gajimare. Mai Agogo ya bi shi da ido, bakinsa a buɗe. Bai taɓa ganin mutum ya goya sama ba.

“Birki!”

Ya taka. Motar ta yi kuka ta tsaya, tsakanin hancinta da bayan wata babbar motar yashi bai fi taƙi ɗaya ba. Jakar Nas ta zame ta faɗi ƙasa. Ta ɗauka ta karkaɗe ta ɗora a cinya. Mai Agogo ya dubi allo: baƙi ƙirin, Kawu bai ko gusa ba. Ya ce a ransa, yarjejeniya dai a kan wuta aka yi.

Ba su yi nisa ba cikin Kawu ya yi wata ƙara, doguwa, mai hawa da sauka, kamar ana jan tebur a ɗakin sama. Gumi ya tsatso masa a goshi. Ya ce Direba ya ɗan ƙara wuta. Can kuma ya ce a'a, ya rage, ya bi ramuka a hankali. Mai Agogo ya raɗa masa cewa saura kwana uku kacal a sha a kai gida, ya daure don girman Allah. Kawu ya daure kwana ɗaya. A ta biyu ya hango gidan mai, ya kama hannun surukinsa ya matse.

“Ƙanina, na yi iyakar yina. Tsaya.”

Mutumin da ƙugu ya hana komawa kujerar baya ya fice kamar ɗan shekara ashirin, ya nufi bayan ginin yana riƙe da wando. Mai Tumbi ya fito, ja jawur, sai ka ce an wanke shi.

Mai Agogo ya kashe mota. Ya zare makulli ya riƙe a tafin hannu, bai juya ba. Ya gaya mata duka, a hankali, har da burodin. Ya kawo mata labarin matar da agogo ke tsayawa a hannunta, ya ce ba wai ƙarya ya yi ba, wutar da gaske take mutuwa, mutum kawai take zaɓa. Da ya gama sai ya miƙa makullin baya ta kan kafaɗa.

Ba ta karɓa ba. Ta ce ya mayar ya murɗa, kada ya tayar da injin. Ta fita ta zagayo, ta tsuguna a gefen kujerar Kawu, ta kunna fitilar wayarta ta leƙa ƙasa. Ta zaro wata tsohuwar lema, da kwalbar ƙananan kusoshi, da takalmi ƙafa ɗaya da aka daɗe ana nema. Sannan ta zura hannu har gwiwar hannu tana lalube. Mai Agogo ya ji wani ɗan ƙas, irin na murfin agogo in ya koma mazauninsa.

Jar wutar ta mutu. Kujera ba kowa.

Ya buɗe baki zai yi magana. Nas na tsugune har yanzu, hannunta a ƙasan kujera, amma ba allon take kallo ba. Tana kallon titi ne, inda motocin yashi ke wucewa ɗaya bayan ɗaya. Ta daɗe a haka. Sai ya sake jin ƙas, wutar ta dawo.

Ta miƙe ta karkaɗe gwiwa, ta mayar da lema da kwalba inda suke.

“Baba, wannan ba ta gyaruwa,” in ji ta. “Gaskiyarka ce, Kawu take tsoro.”

Ya dube ta. Ta dube shi, da fuskar nan tata ta asibiti.

Ta ce maganarta tana nan yadda ta faɗa: ba za a tuƙa motar nan da jar wuta ba, ko zuwa bakin layi ne. In wuta ta mutu, hanya tasa ce, ya je duk katangar da yake so. In tana ci, ya kashe ya jira. Yadda zai yi ta mutu kuma, wannan ya fi ta sani. Za ta gaya wa Mama ta riƙa leƙawa kafin a buɗe ƙofar gida.

Mai Agogo ya shekara arba'in yana jin ƙarar abu in ya shiga wurinsa, da ƙararsa in an zare shi. Ya san abin da kunnensa ya ji sau biyu: ta haɗa wayar, ta kuma sake zare ta da hannunta. Ya kuma tuna bayan motar yashin nan, har da lakar da ke manne a jikin lambarta, wadda ya gani kusa fiye da yadda yake so. Ya dubi makullin da ke jikin mota, ba a cikin jaka ba.

“To, Uwata,” in ji shi.

Kawu ya dawo yana tafe a hankali, fuskarsa ta yi fayau, yana goge hannu da hankici. Ya ga wutar, ya ga Nas a tsaye, ya fara haɗa wani bayani game da yadda zafin rana ke taɓa wayoyin mota. Ta ce ya zauna kawai. Ya ja ƙarfe, ya sauke dama, ya jawo ƙafafu, ya yi nishi. Wuta ta mutu. Nas ta shiga baya ta sanar da shi cewa daga yau ya koma bakin aiki, kullum la'asar, babu hutu babu ritaya.

Kawu ya auna maganar. Sannan ya ce shi ba ya ƙin taimakon ɗan'uwa, amma a duba, tunda lafiyar motar nan a jikinsa take, bai kamata a bar shi ya rame ba. Ko don tsaron hanya, a bar masa burodin.

“Rabi,” in ji Nas. “Ba man shanu.”

“Ƙwai fa?”

“Dafaffe. In nauyi ya ragu a ɗora maka bulo a cinya.”

Mai Agogo ya tayar da mota, ya sa sigina tun kafin a gaya masa, ya jira wata babbar mota ta wuce, sannan ya hau titi.